Zombi, Fatalwa da Kurwa: Gawa Mai Tafiya a Finafinan Ban Tsoro da Matsayinta a Tunanin Bahaushe

Gabatarwa

Wani dare a wani gidan kallo cikin garin Birnin Kudu, na tarar da samari suna gardama a kan wani fim na Amurka da aka gama nuna musu. A cikin fim ɗin matattu ne suka tashi, jikinsu ya ruɓe, suna jan ƙafa garke-garke, duk mai ran da suka cim ma sai su yayyage shi. Abin da ya haɗa samarin musu shi ne sunan da ya dace da waɗannan halittu da Hausa. Wani ya ce fatalwa ce. Wani ya ce a'a, mayu ne, tun da mutane suke ci. Na uku ya ce a bar su da sunansu na zombi, a huta. Ba a rabu da wata matsaya ba.

Gardamar ta fi ƙarfin hirar bakin titi, domin tana taɓa abin da Bahaushe ya ɗauka game da jiki da rai da mutuwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa zombi ba shi da takwara a cikin camfe-camfen Hausawa, kuma duk sunan da aka ara masa daga cikinsu, walau fatalwa walau maye, yana gurɓata ma'anar kalmar da aka aro. Za a ɗauki misalai daga ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, saboda tarihin yankin yana taimakawa wajen fahimtar batun.

Asalin zombi

Kafin a kai shi silima, zombi ɗan ƙasar Haiti ne, a yankin Karibiyan. Masana harsuna suna danganta kalmar da harsunan ƙasar Kwango da Angola, inda ake da nzambi, wato abin bauta, da nzumbi, wato ruhin mamaci. Bayi ne suka ƙetara da ita teku. A lokacin da Faransa take mulkin ƙasar da sunan San Domang, gonakin rake na can sun zama wurin da aka fi ko'ina tatsar bawa, har yawan bayin ya doshi rabin miliyan kafin tawayen 1791 wanda ya kai ga 'yancin kai a 1804. Abin lura a nan shi ne, a cikin takardun ƙidayar bayi na waɗannan gonaki akan ci karo da sunan Hausawa a jerin ƙabilun da aka rubuta, ko da yake ba su kai mutanen Kwango ko na Dahomey yawa ba.

Bawan San Domang yana da wata fata guda ɗaya da ubangidansa bai isa ya ƙwace masa ba: in ya mutu ruhinsa zai koma Gine, wato Afirka, ya huta. Zombi shi ne mutumin da aka hana wa wannan hutu. A yadda mutanen Haiti suke faɗa, wani matsafi da suke kira bokor (sunan ya yi kama da boka, amma masana suna mayar da shi ga kalmar bokono ta harshen Fon) yakan kama wani sashe na ruhin mutum, sashen da ke riƙe da hankali da nufi, ya tsare shi a cikin kwalba ko tulu. Sai mutumin ya mutu a idon jama'a, a binne shi, da dare matsafin ya tono shi ya kai shi gona. Nan zai yi ta noma, ba magana, ba gajiya, ba lada, bai san sunansa ba, bai san danginsa ba. Ba ya cin kowa, ba ya bin kowa. Mutanen Haiti ba zombi suke tsoro ba, tsoronsu kada a mayar da su zombi. Maganinsa kuwa, in ji su, gishiri ne: ranar da ya ɗanɗana shi hankalinsa zai komo, ya gane abin da aka yi masa.

Labarin bai tsaya ga baki kawai ba. Akwai batun wani mutum, Clairvius Narcisse, wanda asibiti ya tabbatar da mutuwarsa a 1962, aka binne shi, sai ga shi ya bayyana ga danginsa a 1980 yana cewa an sa shi bauta a wata gona. Wani mai bincike, Wade Davis, ya wallafa littafi a 1985 inda ya ce sirrin abin wata guba ce da ake samu a jikin wani kifin teku, wadda takan jefa mutum cikin doguwar suma har a zaci ya cika. Masana ilimin magunguna da dama sun yi masa ca a kan wannan ra'ayi, har yau kuwa ba a daddale ba.

Yadda silima ta sauya shi

Sojojin Amurka sun mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, kuma a wannan tsakani ne zombi ya shiga bakin Turawa. William Seabrook ya wallafa The Magic Island a 1929, sannan a 1932 aka fito da fim ɗin White Zombie, wanda Bela Lugosi ya fito a matsayin matsafi. Sunan fim ɗin kansa ya isa ishara. Baƙaƙen da aka mayar zombi suna ta juya injin matse rake a bayan fage, ba wanda ya damu da su. Tashin hankalin fim ɗin duka shi ne an yi wa Baturiya abin da aka saba yi wa baƙar fata. Daga nan aka kafa wani hoto da ya daɗe: ganguna cikin dare, baƙaƙe masu zazzare ido, addinin Vudu kuwa ba a nuna komai a cikinsa sai tsafi da mugunta. Wannan hoto ya yi wa mamayar amfani, domin mutanen da aka nuna haka ba a ganin sun cancanci mulkin kansu.

Juyin da ya haifar da zombin da samarin Birnin Kudu suka kalla ya zo a 1968, da fim ɗin George Romero mai suna Night of the Living Dead. A nan babu matsafi, babu gona, babu Haiti. Matattu ne suke tashi haka kawai suna cin naman masu rai, wanda suka ciza kuma ya mutu ya tashi ya zama irinsu. Ba a ma ambaci kalmar zombi a cikin fim ɗin ba. Sunan da aka kira su da shi ya samo asali daga gul na Larabci, dodon maƙabarta da malamanmu suka sani a hikayoyin Alfu Laila. Daga baya ne 'yan kallo da 'yan jarida suka liƙa musu sunan zombi, ya kuwa zauna. Duk abin da ya biyo baya, daga 28 Days Later na 2002, zuwa shirin talabijin The Walking Dead da aka yi ta nunawa daga 2010 zuwa 2022, zuwa Train to Busan na Koriya ta Kudu a 2016, reshe ne na wannan bishiya. A Nijeriya ma C.J. Obasi ya yi Ojuju a 2014, inda gurɓataccen ruwa a wata unguwar talakawa ta Ikko ya zama sanadin annobar.

Wato dai abin tausayi ya koma abin tsoro, wanda aka zalunta ya koma azzalumi, gishiri kuma ya koma harsashi a ka. Cikin 'yan Nijeriya, Fela Kuti ne ya riƙe tsohuwar ma'anar, lokacin da ya sa wa faifansa na 1976 suna Zombie yana nufin sojan da ke bin umurni ba tunani. A watan Fabrairu na 1977 sojoji suka ƙone gidansa na Kalakuta.

Me Bahaushe yake da shi?

Mu fara da fatalwa. A wurin Bahaushe fatalwa siffar mamaci ce da take bayyana ga masu rai, galibi da dare, galibi cikin farin likkafani, a hanyar maƙabarta ko a kangon gida ko a inda aka yi kisa. Ana ganinta, wani lokaci a ji muryarta, amma ba a kama ta. Gawar tana nan kwance a kabarinta. Malamai da yawa ma sukan ce ba mamacin ba ne sam, aljani ne ya ɗauki kamarsa don ya razana mutane. Ke nan fatalwa kama ce ba jiki, zombi kuwa jiki ne ba mai shi a ciki. Kishiyoyin juna ne, ba 'yan'uwa ba. Fatalwa ta san wanda ta zo wa, sau da yawa tana da dalili, bashi ne ko amana ko jinin da aka zubar. Zombin silima bai san uwarsa ba.

Maita ta fi kusa, kuma a nan ya kamata a dakata. Bahaushe ya bambanta rai da kurwa. In rai ya fita an mutu. Kurwa kuwa tana iya barin jiki mutum yana numfashi: ita ce ke yawo in ana mafarki, ita ce ke firgita in an tsorata yaro. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya kuma wallafa littafinsa a 1946, ya yi bayanin wannan bambanci, haka ma Pamela Schmoll a nazarinta na 1993 kan cin kurwa a ƙasar Maraɗi. Abin da aka yi imani da shi a can bai saɓa da abin da ake ji a bakin tsofaffi a Gwaram ko Sara ko Basirka ba. Maye yana da ƙanƙara a cikinsa, wadda ya sha a nono ko ya saya. Yana ganin kurwar mutum, yakan kama ta ya ɓoye, a gindin murhu ko kogon bishiya ko ƙarƙashin dutse, sau da yawa cikin siffar wata 'yar dabba. Mai kurwar sai ya kwanta, ya rame, ya yi ta sambatu yana kiran sunan wanda ya kama shi. In aka yi jinkiri maye ya yanka kurwar ya ci, shi ke nan. Shi ya sa in an haɗu da wanda ake zargi akan ce, kurwata kur, ka ci kanka ka sha baƙin ruwa.

Mai karatu zai ga inda hanyoyin biyu suka haɗu. Bokor yana tsare sashen ruhi a kwalba, maye yana tsare kurwa a ɓoye. A duka biyun mutum yana zama kwanko, ana ganinsa amma ba ya nan. In har akwai mai kama da zombin Haiti a ƙasar Hausa, to, wanda aka kama wa kurwa ne, ba mayen ba. Saurayin da ya kira matattun fim mayu ya ɗora sunan a kan wanda bai dace ba.

Sai dai hanyoyin suna rabuwa a wuri biyu. Na farko, maye ci yake yi, ba ya sa aiki. Ba a ji ana cewa maye ya kai kurwar wane gona tana yi masa huɗa ba. Na biyu, duk abin da maye zai yi, kafin mutuwa yake yinsa. Da zarar an yi wa mutum wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an rufe, to ya fita hannun kowa. Yana barzahu, yana amsa tambayar kabari, ba mai taso shi sai busar ƙaho. Musulunci ya kafa wannan katanga da ƙarfi ƙwarai, kuma al'adar gaggauta jana'iza, a binne mutum a yinin da ya rasu, ba ta bar gawa ta daɗe a gaban mutane har tunani ya yi ta saƙa a kanta ba. Abin da Bahaushen ƙauye ya ji wa tsoro game da kabari shi ne kura, shi ya sa ake jibga ƙaya a kan sabon kabari. Tsoron na abin da zai shiga ne, ba na abin da zai fito ba.

Tambayar bauta

Akwai tambayar da ba za a kauce mata ba. In bauta ce ta haifi zombi a Haiti, me ya hana ta haifar da irinsa a nan, alhali ƙasar Hausa ta san bauta ciki da bai? Yankin da muke magana a kansa ma ya fi wasu saninta. Daga tsakiyar ƙarni na 19, bayan Malam Hamza da jama'arsa sun bar Tsakuwa sun kafa ƙarfi a duwatsun Ningi, ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta zama bakin dāga. Ningawa suna kawo hari su kwashi mutane, sarakunan Kano, musamman Abdullahi Maje Karofi, suna kai yaƙi su kwaso nasu. Mutum yakan fita gona da safe ɗa, ya kwana bawa. Rinji da gandu sun cika da irin waɗannan mutane, bautar kuwa ba ta mutu da zuwan Turawa ba. Sai a 1936 doka ta soke ta ɗungum a Arewa.

A tawa fahimtar, amsar tana ga ƙofofin da aka bari a buɗe. Ba ana nufin bautar ƙasar Hausa mai daɗi ba ce. Wanda aka raba da 'ya'yansa a kasuwa bai ga sauƙinta ba. Amma akwai murgu, inda bawa yake aikin kansa yana biyan ubangidansa, akwai fansa, akwai 'yantawa don neman lada ko kaffara, kuma ƙwarƙwarar da ta haihu da ubangidanta 'ya'yanta 'ya'ya ne. Fiye da duka, an yarda cewa ikon ubangiji a kan bawa yana ƙarewa a bakin kabari, inda za a yi wa kowa hisabi shi kaɗai. Bawan San Domang an toshe masa kusan kowace ƙofa sai ta mutuwa, don haka mafi munin abin da zai iya hasashe shi ne a toshe ita ma.

Wani abin da ke ƙarfafa wannan ra'ayi shi ne inda aka samu irin zombin Haiti a Afirka. A kudancin Kamaru akwai imani da nyongo ko ekong, wato attajirin da ke kashe danginsa da asiri ya tura su yi masa aiki a kan Dutsen Kupe. Edwin Ardener ya nazarci wannan a cikin Bakweri, mutanen da aka ƙwace wa ƙasa aka yi manyan gonakin Turawa a kanta, Peter Geschiere kuma ya faɗaɗa binciken. A Afirka ta Kudu ma, ƙasar ma'adinai da 'yan ci-rani, an samu makamancinsa. Duk inda aka ga gawa mai aiki, sai a tarar da wata dukiya da ta taru ba a ga yadda aka yi ba. Labaran 'yan shan jini da kuɗin tsafi da suka yaɗu a garuruwanmu tun daga shekarun arzikin man fetur suna kan wannan hanya, ko da yake su ma jini da sassan jiki suke ambata, ba aikin gawa ba.

Namu hoton

Yana da sauƙi mu zargi Amurka da ɓata sunan Vudu, mu manta da abin da muke yi a gida. Bahaushe ya daɗe yana haɗa silima da abin tsoro, har a farkon zuwanta ya kira ta dodon bango. Da aka fara finafinan Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990, sai masu shiryawa suka ƙera wa boka kama guda wadda ba ta sauyawa: jan ƙyalle, fuska da bula, ƙwarya da ƙaho, dariya mai amsa kuwwa, mazauninsa kuma kullum kogon dutse. Duk wanda ya san bokan ƙauye, mai sassaƙe da saiwa, wanda ake kai wa yaro mai shawara ko mai ciwon daji, ya san ba haka yake ba. Bori da Maguzanci sun zama mana abin da Vudu ya zama wa Amurkawa, wato rumbun da ake ɗebo abin tsoro daga ciki ba tare da an tambayi masu shi ba.

Duwatsun ma an zalunce su. A Birnin Kudu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda aka samu zanen shanu na mutanen da, da kuma duwatsu masu amo kamar ƙararrawa in an buga, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950. Shanun da aka zana ba su da tozo, alamar cewa zanen ya girmi irin shanun da muke gani yau a yankin. Wuri ne na makiyaya da kiɗa da taruwar jama'a. Yaron da ya tashi da kallon bokan fim, in ya ga irin wannan kogo, ba tarihi zai fara tunawa ba.

Batun suna, da abin da ke bayansa

Ga masu fassara da malaman makaranta, shawarata ita ce a bar kalmar zombi yadda take, kamar yadda aka karɓi silima da talabijin, ko kuwa a ce gawa mai tafiya in ana son bayani. A bar wa fatalwa ma'anarta. Maye kuwa a nisanta shi da wannan fage gaba ɗaya, dalilin kuma ba na ƙamus kaɗai ba ne.

Zombi ba kowa ba ne, ba shi da gida a unguwa. Maye kuwa maƙwabci ake nufi, mai suna, mai 'ya'ya, kuma sau da yawa tsohuwa ce matalauciya wadda ba ta da mai tsaya mata. Tsohuwar al'ada, duk da zaluncin da ke cikinta na tozarta wanda ake zargi, manufarta a sako kurwa ce: a kira Sarkin Mayu, a sa wanda ake tuhuma ya tsallake majinyaci, a ce kurwa ta komo. Ƙa'idar fim ɗin zombi daban take. Abin da ke gabanka ya riga ya mutu, kashe shi ba kisa ba ne, ba a tambayarsa, ba a kai shi gaban alƙali, wanda ya yi jinkiri don tausayi shi ake cinyewa. In aka ɗora wannan ƙa'ida a kan kalmar maye, an ba taron samari hujjar da al'ada ma ba ta ba su ba. Romero da kansa ya hango haɗarin: a ƙarshen fim ɗinsa na 1968, jarumin, wanda baƙar fata ne, Duane Jones ya fito a matsayinsa, ya tsira daga matattu har gari ya waye, sai 'yan sintiri suka hango shi ta taga suka harbe shi, suka jefa shi cikin wuta tare da gawarwakin.

Ba ina cewa fim ne yake sa a kashe mutane ba. Zargin maita ya girmi silima da ƙarnuka, kuma dokar Final Kot ta Arewa tun 1959 ta sa shi cikin laifuffuka. Amma abin bai zama tarihi ba. A ƙaramar hukumar Wudil, a kan hanyar da ta taso daga Kano zuwa Birnin Kudu, wasu mutane sun bi wata dattijuwa mai shekara 67 har gonarta a 2023 suka kashe ta, bayan matar ɗaya daga cikinsu ta ce ta gan ta a mafarki tana bin ta da wuƙa. A watan Fabrairu na 2025 babbar kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa a kan wannan.